Ajin Furucin Dogayen Kalmomin Turanci a Titin Bauchi, Jos: Abin da Ya Iya da Inda Ya Gaza

A wani bene da ke kan titin Bauchi a Jos, kafin a kai kwanar Unguwar Rogo, akwai ajin ƙarshen mako da bai ɗauki komai ba sai abu guda: raba dogayen kalmomin Turanci gaɓa-gaɓa, da gane gaɓar da murya ke dannawa. Mako takwas ake yi, Asabar da Lahadi, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Kujeru ashirin ne a ɗakin, malama ɗaya da mataimakinta. Yawancin masu zuwa 'yan ajin ƙarshe na sakandare ne da ke fuskantar WAEC da NECO da JAMB, sai ɗaliban jami'a, sai malaman firamare, da 'yan tsirarun da ke da burin karanta labarai a rediyo ko talabijin. Kuɗin bai wuce abin da iyaye ke biya na lesin darasi ɗaya a zango ba, ana iya biyansa kashi biyu, kuma takardar darasi na ciki.

Mu malaman Turanci ne, da idon aikin muka auna ajin. Ya cancanci kuɗinsa, domin yana koya wa ɗalibi lissafin da zai fitar da dannin kalmar da bai taɓa gani ba, kuma ya gina lissafin a kan abin da Bahaushe ya riga ya sani a harshensa. Amma kunne da baki ba sa samun rabon da ido ke samu, kuma akwai gyare-gyaren da ya kamata a ce an yi tun tuni.

Dalilin da ya sa 'yan sakandare ke cika kujerun a fili yake. Takarda ta uku ta Turanci a WAEC tambaya 60 ce a kan furuci, kuma ba a buɗe baki, zaɓi ake yi a takarda. Cikinsu akwai sashen da za a kawo doguwar kalma a rubuta ta sau huɗu, kowane zubi da wata gaɓa daban a manyan baƙaƙe, a ce a zaɓi daidai. Yawancin makarantu hadda suke sa yara: ga jerin kalmomi, ku haddace. Ranar jarrabawa sai a kawo wadda ba ta cikin jerin, yaro ya koma canki-canki.

Ranar farko malamar takan ɗauki kamar minti ashirin a kan tarihi, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Tsohon Turanci a gaɓar farko ta tushen kalma yake danna murya, shi ya sa har yau ake cewa FA-ther da WA-ter. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa suka kwararo, su kuma a ƙarshe suke da ƙarfi. Waɗanda suka daɗe sun miƙa wuya dannin ya dawo gaba, irin su NA-ture da CI-ty. Waɗanda suka shigo daga baya sun riƙe nasu, irin su ma-CHINE da po-LICE. Sannan a ƙarni na 16 da na 17 masana suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga Latin. Tsari uku ke nan a harshe ɗaya, kuma dogayen kalmomin makaranta da ofis da kotu da asibiti galibinsu na kashi na uku ne ko na biyu. Ɗalibin da ya ji wannan yakan daina ganin abin a matsayin rikici marar kan gado.

Zuciyar ajin tana mako na farko da na biyu. Malamar takan rubuta kalmar makaranta a allo ta sa a raba ta: ma-ka-ran-ta. Biyun farko sassauƙa ne, baƙi da gajeren wasali. Ta uku nannauya ce domin baƙi ya rufe ta. Ta ƙarshe ma nannauya ce domin wasalinta dogo ne. Duk wanda ya yi darasin Hausa, ko ya taɓa auna baitin waƙa, ya san wannan, wanda bai yi ba ma kunnensa ya sani, tunda ba ya rikita garin da ake zama da garin tuwo. To dokar Latin a kan wannan ma'auni take zaune. A kalma mai gaɓa uku ko fiye, a bar ta ƙarshe, a dubi wadda ta zo daf kafin ta. In nannauya ce, nan danni yake. In sassauƙa ce, a ƙara ja baya da gaɓa ɗaya. Turanci ya gaji wannan a sunaye da sifofi masu yawan gaske.

A gwada. A a-GEN-da da con-SEN-sus da ap-PEN-dix da re-fe-REN-dum da me-mo-RAN-dum, gaɓar kusa da ƙarshe rufaffiya ce, sai ta riƙe danni. A FOR-mu-la da STI-mu-lus da A-ni-mal da cur-RI-cu-lum sassauƙa ce, sai ya tsallake ta. Inda abin ya fi burge mu shi ne yadda dokar ke warware kalmomin da suka yi tarayya a wutsiya amma suka saɓa a danni, waɗanda littattafan sakandare kan jera kawai ba bayani. Me ya sa pa-REN-tal da fun-da-MEN-tal da u-ni-VER-sal, amma o-RI-gi-nal da mu-NI-ci-pal? Me ya sa tre-MEN-dous amma u-NA-ni-mous da ri-DI-cu-lous? Me ya sa de-PEND ta ba da de-PEN-dence dannin bai motsa ba, amma con-FIDE ta ba da CON-fi-dence, pre-FER ta ba da PRE-fe-rence, ig-NORE ta ba da IG-no-rance? Amsa ɗaya ce duka: a auna gaɓar kusa da ƙarshe. Ba mu san wata hanya da ta fi wannan saurin shiga kan ɗan Hausa ba, kuma abin takaici ne a ce ba ta zama ruwan dare a azuzuwanmu ba.

Malamar ba ta ɓoye iyakar dokar, wannan kuwa abin yabo ne. Rufaffiyar gaɓa ido na ganinta a rubutu, amma dogon wasali rubutun Turanci ba ya nuna shi. Babu abin da zai gaya maka daga haruffa cewa wasalin tsakiyar a-RE-na ko op-PO-nent dogo ne. Sai ka ji ko ka buɗe ƙamus. Sannan akwai masu bijirewa, irin su CA-len-dar da CHA-rac-ter da AD-jec-tive da IN-ter-val, waɗanda gaɓarsu rufaffiya ce amma danni ya wuce ta. Haɗuwar s da t ma ba ta da tabbas: MI-ni-ster da IN-du-stry sun tura su gaba, se-MES-ter ta raba su. Waɗannan kam hadda ce, amma haddar kalma ashirin ba ɗaya take da haddar ɗari biyar ba.

A mako na uku ana kan ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma, an kasa su uku. Kashin farko masu jan danni zuwa gaɓar da ta zo daf kafin su: -ion, -ic, -ical, -ity, -ify, -ial, -ious, -ian. Su ne suka ba da e-du-CA-tion, spe-CI-fic, u-ni-VER-si-ty, i-DEN-ti-fy, in-DUS-tri-al, lu-XU-ri-ous. Wannan kashin shi ya fi amana, kuma shi ya fi fitowa a jarrabawa. Masu saɓa wa -ic 'yan kaɗan ne, an jera su a shafi ɗaya: A-ra-bic, CA-tho-lic, PO-li-tics, RHE-to-ric, LU-na-tic, da a-RITH-me-tic in suna ce. Kashi na biyu masu ɗaukar dannin da kansu, gadon Faransanci: re-fu-GEE, en-gi-NEER, vo-lun-TEER, sai dai com-MIT-tee ta fita zakka. Na uku 'yan ba-ruwanmu ne, -ment, -ness, -ly, -ful, -less, -ing, ana yanke su a nemi dannin abin da ya rage, de-VE-lop ta zama de-VE-lop-ment ba abin da ya gusa. Kashi biyun ƙarshe rana ɗaya aka ba su, ya kuma ishe su.

Mako na huɗu gaba ɗaya na aikatau masu ƙarewa da -ate, -ise da -ute ne, kuma shi ne makon da ya fi kowanne amfani. A nan kusan duk ɗan Nijeriya, ba Bahaushe kaɗai ba, yake kai danni ƙarshe. Dalilin ba boyayye ba ne: gaɓar ƙarshen tana ɗauke da cikakken wasali mai tsawo, ga baƙi ya rufe ta, kunnenmu na jin ta fi kowacce nauyi sai murya ta tafi can. Turancin Ingila kuwa yana barin wasalin a cike amma ya ƙirga gaɓa biyu baya ya danna: E-du-cate, com-MU-ni-cate, in-VES-ti-gate, con-GRA-tu-late, OR-ga-nise, RE-cog-nise, CON-sti-tute, PRO-se-cute. In gaɓa biyu ce kacal dannin na ƙarshe, kamar cre-ATE da trans-LATE. Akwai con-TRI-bute da dis-TRI-bute da suka tsaya a tsakiya, akwai kuma irin su NA-tio-na-lise da ke riƙe dannin uwar kalmar. Sai tarkon de-TER-mine da e-XA-mine da i-MA-gine, inda ƙarshen gajere ne, ba ya amsa amo da lambar tara ta Turanci kamar yadda ake yawan ji.

Sanin dokar ba ya sauya baki, don haka kayan aiki biyu ake amfani da su. Kowane ɗalibi ana ba shi robar ɗaure kuɗi ya maƙala a manyan yatsunsa biyu, ya ja ta a gaɓar danni kawai, ya sake ta a sauran. Mataimakin na zagayawa yana kallon hannuwa, ba sai ya ji muryar kowa ba zai ga wanda ya ja a inda bai dace ba. Na biyu shi ne gina kalma daga wutsiya: CA-tion, ni-CA-tion, mu-ni-CA-tion, com-mu-ni-CA-tion. Hikimar ita ce baki ya fara kama gaɓar danni kafin a ɗora masa sauran, ba ya samun damar ajiye ƙarfinsa a wani wuri. Kowace kalma sau biyar tare, sannan mutum uku su faɗa ɗaiɗai. A rana ba a wuce kalma goma sha biyar zuwa ashirin, kuma daidai ne, fiye da haka baki ya gaji ya koma tsohuwar hanya.

Mako na biyar na dangin kalma ne, inda ake haɗa duk abin da ya gabata. O-ri-gin, o-RI-gi-nal, o-RI-gi-nate, o-ri-gi-NA-li-ty. AU-thor, au-THO-ri-ty, AU-tho-rise, au-tho-ri-SA-tion. CON-sti-tute, con-STI-tu-en-cy, con-sti-TU-tion. A nan ake shigo da ƙaramin danni, kuma bayanin da ake yi mai kyau ne: Turanci ba ya son fara kalma da raunanan gaɓoɓi biyu a jere, don haka in babban danni ya yi nisa, ɗaya daga biyun farko za ta sami ƙarami, galibi a wurin da uwar kalmar take da nata. Shi ya sa ƙaramin dannin communication ke kan mu, na examination ke kan xa, na investigation ke kan ves, na education kuwa ke kan gaɓar farko. Wanda ya ɗora shi a farkon kowace kalma don sabo zai yi daidai a education ya kauce a sauran ukun.

Yanzu ga inda ajin ya gaza, kuma na farkon babba ne. Raba gaɓa iri uku ne, takardar darasin ta cakuɗa su. Akwai rabon lissafi, wanda muka yi amfani da shi a sama, inda baƙi guda da ke tsakanin wasula biyu yake bin wasalin gaba, kamar dai a Hausa. Da shi ake auna nauyi a gano danni. Akwai rabon furuci, wanda ƙamusoshin furuci ke nunawa, inda gajeren wasalin da aka danna yake jawo baƙin da ke binsa ya rufe kansa: o-RIG-i-nal, ED-u-cate, a-BIL-i-ty. Akwai kuma rabon rubutu, na yanke kalma in layi ya ƙare, wanda ɗigon da ke tsakiyar kalma a ƙamusoshi da yawa ke nunawa, shi kuwa ba ruwansa da baki. Ajin na koyar da na farko har mako shida, sai a na bakwai a ambaci na biyu a gurguje. Kafin nan ɓarna ta riga ta afku. Ɗalibin da ya ga NA-tio-nal a rubuce haka zai ja wasalin farko ya yi daidai da na NA-tion, alhali na nation dogo ne na national gajere. Haka zai yi wa E-du-cate, ya fara ta da dogon i. Buɗaɗɗiyar gaɓa mai ƙarfi a kunnen Bahaushe tana neman tsawo. Gyaran ba shi da wuya: tun mako na biyu a mai da abin mataki biyu, a raba don lissafi, in an sami danni a duba wasalin, in gajere ne a jawo baƙin baya a sake rubuta kalmar. Layi ɗaya ne a ƙarƙashin kowace kalma.

Na biyu shi ne raunana sauran gaɓoɓi. Hausa harshen karin sauti ne, da hawa da saukar murya muke bambanta kukan yaro da kukar miya, kuma kalmomin da muka aro irin su mota da soja da tebur mun mai da danninsu sautin sama, na bayansa ya sauka. Don haka in aka ce wa ɗalibi ya danna gaɓa, abin da zai yi shi ne ya ɗaga murya a kanta, ya bar sauran a cike yadda suke. A Turanci rabin aikin ke nan. Gaɓar danni ta fi tsawo, ta fi ƙara, wasalinta cikakke ne, maƙwabtanta kuma suna ƙanƙancewa su koma rarraunan wasalin nan da ƙamus ke rubutawa da e a kife. Kalmar Turanci kamar kwano ɗaya ce a gaban yara, in ɗaya ya yanki babbar loma dole ta sauran ta ragu. Gaɓar farko ta condition ba a faɗinta da o, ta conduct in suna ce ana faɗi. Farkon origin cikakke ne, farkon original ya raunana. Wasu gaɓoɓin ma ɓacewa suke yi ɗungurungum, comfortable da vegetable da temperature da literature duk gaɓa uku-uku ne a bakin yawancin mutanen Ingila. Ajin ya ba wannan rana ɗaya cikin goma sha shida. Sakamakon shi ne ɗalibi ya fito yana cin tambayar takarda, amma in ya karanta labarai a bayyane kowace gaɓa na tsaye da ƙafarta. Ga ɗan jarrabawa ba asara ba ce sosai. Ga mai neman aikin rediyo, wannan ne ainihin abin da ya zo nema.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi Bahaushe kai tsaye waɗanda aka taɓa sama-sama. Ɗaya baƙi mai ninki. Mu muna furta shi da gaske, hannu da kunne da dabba kowacce akwai tsayawa a tsakiya. A Turanci harafi biyu ne sauti ɗaya. Yawancinsu ma ɗafa-goshin Latin ne, wato ƙarin farkon kalma, da ya saje da baƙin da ke binsa: ad- ta zama ac- a accommodate, in- ta zama il- da ir- da im- a illegal da irregular da immediate, con- ta zama col- a collect, sub- ta zama sup- a support. Wanda ya furta ninkin ya mai da gaɓar farko nannauya, daga nan danni ya zame ya koma kanta. Sai a kula da accept da success, inda c biyun sautuka biyu ne daban, k da s. Ɗayan kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa muka sami burodi da direba da firamare. In aka kai wannan cikin construction ko instrument ko administration, gaɓoɓi sun ƙaru, kuma tunda daga ƙarshe ake ƙirgawa, wasali ɗaya na ƙari ya isa ya rushe lissafin. Kalmomin da muka riga muka aro sun fi wuyar gyara, domin sakatare da kwamishina da farfesa suna zaune a baki da cikakkun wasulansu. Ya kamata a ware wa waɗannan biyun mako guda, ana fara str da spr da skr da jan s ɗin tukuna kafin a saki sauran.

Wani ɗan ƙaramin darasi da muka ji daɗinsa, ba mu kuma saba ganinsa a littattafan sakandare ba, shi ne na harafin x. In gaɓar da ke binsa ce ke da danni yakan zama gz, kamar a exam da exist da executive. In dannin na kansa ne yakan tsaya ks, kamar a exercise da execute. Minti goma ne, amma yana nuna wa ɗalibi cewa danni har baƙaƙe yake sauyawa.

Sunaye da aikatau masu rubutu ɗaya, RE-cord da re-CORD, PRO-duce da pro-DUCE, PER-mit da per-MIT, an yi su yadda kowa ke yi. Abin da aka ƙara mai amfani shi ne gargaɗin cewa ba doka ce ta kowa ba: report da respect a ƙarshe suke ko suna ko aikatau, comment da promise a farko.

Batun Ingila da Amurka ma na buƙatar tsari. Jarrabawa furucin Ingila take bi, yara kuwa na Amurka suke ji a waya. Mutumin Ingila zai ce la-BO-ra-tory da ad-VER-tise-ment, Ba'amurke ya danna farkon ta farko da gaɓa ta uku ta biyun. Controversy ma a Ingila kanta ana jin ta iri biyu. Malamar ta san wannan sarai, tana faɗa in an tambaya, amma takardar ba ta da alama ko ɗaya da ke nuna kalmar da ke da furuci biyu. Ɗalibi ya koma gida ya danna kalmar a waya ya ji saɓanin abin da aka koya masa, sai ya fara shakkar darasin gaba ɗaya. Tauraro ɗaya a gefen irin waɗannan kalmomi zai kashe matsalar.

Muna da magana kuma a kan yadda ake kiran furucinmu na gida kuskure kai tsaye. Marigayi Farfesa David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano da nan Jami'ar Jos, ya fitar da littafi a kan Turancin Nijeriya a 1991, kuma tura danni zuwa ƙarshen kalma na cikin siffofin da masana irinsa suka bayyana a matsayin tsari mai bin ƙa'ida, ba tuntuɓen harshe ba. Alƙali da likita da shugaban makaranta duk haka suke faɗa, ana kuma fahimtarsu daga Sakkwato har Kalaba. Abin da ya dace a gaya wa yaro shi ne yana koyon furuci na biyu ne don jarrabawa da aikin watsa labarai da hulɗa da mutanen waje. Wannan ba don lallashi kawai ba. Yaron da aka sa ya ji kunyar bakinsa shiru yake yi a aji, wanda ya yi shiru kuwa ba a jin abin da za a gyara masa. 'Yan mata ƙanana da ke layin baya su suka fi shiga wannan hali, ga shi mataimakin bai cika isa wurinsu ba.

Ɗakin da kayan aiki matsakaita ne. Tagogin na kallon titi, ƙahon keke da na manyan motocin da ke bin hanyar Bauchi na shigowa, darasin kunne kuwa ba ya son haka. Lasifika ɗaya ce ƙarama da ake haɗawa da waya, daga layi na uku ba a rarrabe rarraunan wasali da cikakke. Ƙamusun furuci kwafi ɗaya ne, na Daniel Jones da ya fara fitowa a 1917 wanda Cambridge ke bugawa yanzu, yana kan teburin malama. Takardar darasi hoton-kwafi ce da ta sha maimaici har alamar danni ta dusashe a shafuka da dama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin alamar ɗan gajeren layi ce a sama da ake sawa kafin gaɓar danni, ta ƙaramin danni kuma a ƙasa. Sabon ɗalibi kan ɗauka gaɓar da ke hagun alamar ake nufi, ga shi wasu ƙamusoshin Amurka a bayan gaɓar suke sa tasu. A ranar farko ake bayanin wannan sau ɗaya, wanda ya makara ya rasa. Zauren WhatsApp na ajin kuwa yana aiki: kowace Laraba ana tura kalma goma, ɗalibi ya naɗi muryarsa ya mayar, malamar ta amsa da murya kafin Asabar. Ga wanda ya dage da shi, nan ne yake samun gyaran mutum ɗaya da ɗakin ba ya bayarwa.

Ɗan SS3 da ke neman makin sashen danni zai samu, har da ƙari. Malamin firamare ko na ƙaramar sakandare shi ya fi kowa cin riba, domin dabarar nannauya da sassauƙa abu ne da zai ɗauka ranar Litinin ya kai ajinsa ba tare da sayen komai ba sai roba. Mai burin aikin rediyo ya shiga, amma ya tanadi minti goma sha biyar kullum na kansa: ya saurari ɗan guntun labarai na Turancin Ingila, ya rubuta dogayen kalmomi biyar, ya ja layi ƙarƙashin wasulan da suka raunana, ya naɗi kansa ya kwatanta. Wanda karatun Turancinsa bai kai ya karanta shafin jarida ba tare da tsayawa ba, ya dakata tukuna, ajin ba ya koyar da ma'ana.

Mai rubuta WAEC a watan Mayu ya nemi zagayen da ke farawa a Janairu, don ya sami wata biyu na maimaici bayan an gama. Ya zo da littafin rubutu mai faɗin layi, da biro kala biyu, ɗaya na rabon lissafi ɗaya na rabon furuci, da abin sa wa kunne na waya, da rigar sanyi domin benen na shan iska a wannan lokacin. Ya nemi kujera a layi biyun gaba ta ɓangaren da ba taga. In dole ta sa zai rasa wani mako, kada ya zama na biyu ko na huɗu, kuma tun ranar rajista ya roƙi Malama ta ba shi takarda daga sabon bugu, ya buɗe shafin -ate a gabanta ya tabbatar alamomin sun fito.